Gida ɗaya, mutum biyar ba lafiya: wa za a fara kaiwa asibiti?

Malamar Islamiyya, Marwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da masu aiki da 'yan gudun hijira. A unguwarmu akwai gidaje da dama na mutanen da suka tsallako Kamaru daga wajen Banki da Bama tun 2014. Ba su shiga sansanin Minawawo ba, sun fara zama a ƙauyukan wajen Mora da Kolofata, daga baya suka gangaro Marwa suka kama haya. Mu matan makarantar dare mun haɗa ɗan kwamiti muna leƙa su, amma akwai gida ɗaya da ya fi ƙarfin saninmu.

Maigidan ya kai shekara 50. Da can ɗan kasuwar hatsi ne, yanzu wuni yake a zaure bai ce uffan ba, ba ya barci, ko jam'i ya rage fita. Babban ɗansa ya ɓace tun lokacin gudu, har yau babu labari. Mahaifiyarsa ta fara fita da yamma tana cewa za ta gida, an sha tsinto ta a bakin kasuwa, yaran unguwa har sun fara kiranta mayya. Amaryarsa ta haihu sati 3 da suka wuce, ba ta ci, kullum kuka, tana cewa nononta ba ya isar jaririn. Akwai saurayi ɗan shekara 17 da ke kilando, wato acaɓa, da mashin ɗin wani, kowa ya san yana shan tiramol. Sai yaro ɗan shekara 8 da ya koma fitsarin kwance tun wani hari da aka kai da dare a ƙauyen da suka baro, shekara 2 ke nan.

Maƙwabta sun ce sammu aka yi wa gidan gaba ɗaya. An yi sauka, an sha rubutu, mu ma muna ta addu'a. Tambayata: wa ya kamata a fara kaiwa asibiti, wa za a iya taimaka wa a gida, kuma me za mu yi da hannunmu da ba zai ƙara dagula lamarin ba? Don Allah a yi mana dalla-dalla.

Nas ɗin lafiyar ƙwaƙwalwa, Garwa

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka muku da alheri. Kada ku ɗauki gidan a dunƙule. Matsala biyar ce daban-daban, kuma biyu ba sa jira: mai jego da tsohuwa.

Mai jego tukuna. Kukan da ke zo wa mace kwana 3 zuwa 5 bayan haihuwa sananne ne, kuma yana wucewa da kansa kafin sati 2. Wannan ta kai sati 3 har ta daina ci, to ya wuce wancan. Wadda ta fi sakin jiki da ita a cikinku ta zauna da ita su biyu, ba miji, ba uwar miji, ba kishiya. Ta tambaye ta a hankali: in jariri ya yi barci, ke kina iya runtsawa? Akwai abin da har yanzu yake miki daɗi? Kin taɓa jin gara ki mutu ki huta? Tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zo miki? Waɗannan biyun na ƙarshe su mutane ke tsoro, suna ganin za su sa mata abin a rai. Tambaya ba ta sawa. Wadda ke ɗauke da tunanin sauƙi take ji in ta samu mai tambaya da ba zai saki salati ya zare ido ba.

A kai ta asibiti a ranar, ko da dare ne, in aka ga ɗaya cikin waɗannan: ta yi kwana 2 ko 3 ba barci kuma ba ta jin gajiya, maganarta ta daina haɗuwa, tana jin muryoyi, tana cewa jaririn ba nata ba ne ko an musanya shi, ko ta amsa cewa ta shirya yadda za ta kashe kanta. Wannan ruɗewar bayan haihuwa tana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, kuma tana warkewa da magani. Kafin a isa asibiti kada a bar ta ita kaɗai da jariri, amma kada a fizge shi daga hannunta da faɗa. Ta shayar, wata na zaune kusa.

Ko ba a ga waɗannan ba, a kai ta cikin satin nan a duba jiki: yawan jini, maleriya, zafin jiki, hawan jini. Macen da ta zubar da jini a haihuwa, ko mahaifarta ta kamu da cuta, kasala da kuka za a gani a kanta. In ƙafafunta sun kumbura, tana haki in ta kwanta rigingine, zuciya ce, a dakatar da kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi har likita ya gan ta.

Abin da ke hannunku shi ne barcinta. A garinsu da wankan gida za ta tafi, uwarta ta karɓi jariri, ta dafa mata, ta yi mata hira har arba'in. Hijira ce ta raba ta da wannan, ku ne za ku maye gurbin. Mata 3 su raba kwana. Bayan shayarwar isha'i ɗaya ta ɗauki jariri zuwa wani ɗaki don uwar ta samu awa 4 a jere, in ya nemi nono a kawo shi ya sha a mayar. A ci abinci tare da ita a kwano ɗaya, ba a ajiye mata a tafi ba. Batun nono kuma, a auna jaririn. In nauyinsa na ƙaruwa, yana fitsari sau 6 ko fiye a kwana, nonon na isarsa, a nuna mata a katin awo ta gani da idonta.

Tsohuwa kuma tambaya ɗaya ce ke raba hanya: yaushe abin ya fara? In cikin 'yan kwanaki ne, jiya lafiya lau yau ba ta gane jikokinta, da safe garau da dare a rikice, to wata cuta ce a jiki. Maleriya, ciwon fitsari, ciwon huhu, sukari da ya hau ko ya faɗi, ko ƙarancin ruwa, wanda ya yi yawa ga tsofaffi a zafin Maris zuwa Mayu don ba sa jin ƙishi kamar yara. Wannan na gaggawa ne, kuma in an magance cutar hankali na dawowa. In kuwa a hankali ya taho cikin watanni ko shekaru, gigin tsufa ne. Babu maganin da ke warkar da shi, kada wani ya ci kuɗinsu. Amma ana rage wahala sosai. A ɗinka lambar wayar ɗanta a gefen zaninta. A rataya ƙararrawa ko gwangwani a ƙofar gida. Tun da yamma take fita, wani ya riga ta: bayan la'asar jika ya kama hannunta su zaga unguwa su dawo. In ta ce za ta gida, kada a ce mata an ƙone garin, duk lokacin da ta ji sabon makoki ne a gare ta. A ce, Iya, ba mu labarin gidan, wace bishiya ce a ƙofa? A miƙa mata gyaɗa ta ɓare ko wake ta tsince. A bar fitila a ɗakinta da dare. Kada a kulle ta, kada a ba ta maganin barci, yana ƙara ruɗa ta kuma yana kada ta ta karya ƙugu.

Sunan mayya kuwa ku kashe shi tun yana bakin yara. Ku samu bulama, wato mai unguwa, da liman tun yanzu su faɗa wa mutane cewa ciwo ne, don tsohuwa baƙuwa da ba ta da dangi a gari ita aka fi saurin ɗaga wa hannu.

Abu na ƙarshe, kuma yau za a yi shi. Yankinmu na auduga ne, kusan kowane gida da ragowar maganin feshi a kwalba. A gidan da mutum biyu ko uku ke cikin irin wannan hali, a kwashe maganin feshi, maganin ɓera da tarin ƙwayoyi a kai gidan maƙwabci a kulle. Tunanin kashe kai yakan taso ya lafa cikin mintoci, in babu abin a kusa mutum ya tsira. In ƙaddara ta sa wani ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko manja. A cire tufafin da suka jiƙe, a kwantar da shi a gefe, a tafi asibiti da kwalbar.

Malamin firamare, Mokolo

Malama sannu da ƙoƙari. Ni a kan yaron zan tsaya.

Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, ba ganganci ba ne. Amma kafin a ce tsoro ne, a kai fitsarinsa gwaji. A tambaye shi ko yana jin zafi, ko yana ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsari. Yaran da ke wanka a kududdufi da ragowar ruwan rafi suna kamuwa da tsargiya, kuma maganinta na kwana ɗaya ne. In yana yawan shan ruwa, yana ramewa, a duba sukari. A tambayi bayan gidansa ma, don cikin da ya ƙulle yana danne mafitsara.

In duk babu, ku je ku duba inda masai yake a gidan. Yawancin gidajen haya yana can ƙarshen tsakar gida cikin duhu. Yaron da aka taɓa tasa da harbi cikin dare ba zai ratsa wannan duhun shi kaɗai ba, ko ya farka zai riƙe har barci ya sake ɗauke shi. A ajiye masa fo ko gwangwani a gefen tabarma, a ba shi tocila tasa ta kansa. Ya sha ruwa sosai da rana, kada a hana shi a zafin nan, a dai rage awa 1 zuwa 2 kafin kwanciya, kuma ban da shayi da dare. Ya yi fitsari bayan isha'i, ya sake yi dab da kwanciya. A shimfiɗa leda ƙarƙashin zani. Da safe in ya jiƙa, shi da babba su wanke ba tare da magana ba, a shanya inda yaran gida ba za su taru a kai ba. A yaba masa a kan abin da ke hannunsa, wato ya tuna ya yi fitsari kafin kwanciya, ya taya wanki. Busasshiyar tabarma ba a hannunsa take ba. Duka, da tara yara su yi masa waƙar tsokana, tsoro suke ƙarawa, tsoron kuma shi ya kawo fitsarin tun farko.

Ku bambanta firgita iri biyu. Wadda ke zuwa farkon dare, yaro ya tashi zaune yana ihu ido buɗe bai san kowa ba, da safe kuma bai tuna komai ba, kada a girgiza shi, a tsare shi kada ya ji ciwo har ya koma. Mafarkin da ke zuwa wajen asuba kuwa yana tunawa. A rungume shi, a faɗa masa inda yake, a kira sunan waɗanda ke ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Kada a matsa masa ya ba da labarin harin. In shi ya kawo, ko ya zana, ko yana wasan bindiga da kara, a saurara. In ya tambayi yayansa da ya ɓace, a ce ba mu san inda yake ba, muna nema. Ƙaryar ya yi tafiya tana sa yaro ya daina yarda da manya. Kuma manya su daina kunna bidiyon gawarwaki a waya yara na leƙe.

Makaranta rabin maganin ce, don ita ke ba yini tsari. A Minawawo da Turanci ake koyarwa, amma a cikin Marwa yawanci Faransanci ne a aji, Fulatanci a filin wasa. Yaron da ya zo da Hausa ko Barbarci yakan yi watanni shiru, a ɗauka daƙiƙi ne. Ɗaya daga cikinku ta raka uban wurin malamin ajin, a roƙi a zaunar da shi gaba kusa da yaro mai jin Hausa. Ku bincika takardar haihuwarsa tun yanzu, don ba a zama jarrabawar kammala firamare ta CEP a aji na ƙarshe, wato CM2, sai da ita, kuma neman ta bayan an makara sai an bi ta kotu, yana cin lokaci. Yara da yawa a nan suke yanke ƙauna su bar karatu.

Roƙo ɗaya: in ya fara jin Fulatanci, kada a mai da shi tafinta a asibiti a kan ciwon matar babansa ko na uban. Ku nemo babba.

In an yi wata 2 ana bin wannan babu sauƙi, ko ya daina wasa gaba ɗaya, ko ya daina magana, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

Malamar Islamiyya, Marwa

Allah ya biya ku. Mun kwashe maganin feshi, mai jego kuma gobe za a kai ta tare da tsohuwar, wadda suka ce nata ya fi shekara yana tahowa. Abu biyu sun taso. Kawun saurayin ya ce a kai shi wani gida a sa masa mari wata 3 har ƙwayar ta fita daga jininsa. Sannan ashe maigidan ya fi wata 2 yana shan diazepam da yake saya wurin masu talla don ya samu barci. Mun ce ya daina daga yau. Daidai ne?

Mai harhaɗa magunguna, Kusuri

A'a Hajiya, ku koma yau ku ce kada ya yanke farat ɗaya. Wanda ya yi wata 2 yana shan diazepam kullum jikinsa ya saba. In ya tsaya lokaci guda zai iya samun rawar jiki, gumi, tsananin firgici, har jijjiga. Ma'aikacin lafiya ne zai tsara masa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Ya tafi da ainihin katin da yake sha, don na talla sau da yawa abin da aka rubuta daban, abin da ke ciki daban. Diazepam ba ya maganin baƙin ciki, ba ya maganin firgicin abin da aka gani. Yana kwantar da mutum 'yan kwanakin farko, bayan sati 2 zuwa 4 ya zama sai da shi.

In likita ya tabbatar ciwon damuwa ne mai nauyi, magungunan da aka fi samu a asibitocinmu su ne amitriptyline da fluoxetine. Ina faɗar yadda suke don ku san inda ake faɗuwa, ba don a je a saya ba. Amitriptyline ana farawa da 25 mg da dare, a ƙara a hankali. Yana busar da baki, yana ƙulle ciki, yana sa jiri in an miƙe da sauri. Mai ciwon zuciya ba ya sha, kuma shan sa da yawa lokaci guda yana kisa, don haka wani a gidan ya riƙe, ya riƙa ba shi na rana-rana. Fluoxetine da safe ake sha, yawanci a kai 20 mg. Dukansu sai an yi sati 4 zuwa 6 ake ganin amfaninsu sosai, amma illarsu tun satin farko take fitowa. Shi ya sa mutane ke cewa maganin bai karɓe su ba su watsar a kwana 10. Wasu kuma da sun ji sauƙi sai su daina, ciwon ya dawo. Ana ci gaba wata 9 zuwa 12 bayan an ji sauƙi, sannan a rage a hankali. A faɗa wa likita in ya taɓa yin kwanaki ba barci yana ta surutu da kashe kuɗi ba lissafi, don mai irin wannan maganinsa daban ne.

Saurayin kuma, mari ba ya cire komai. Ga abin da ke faruwa. Tiramol na asibiti yawanci 50 mg ne, kuma babban mutum ba ya wuce 400 mg a yini. Na kasuwa akwai 120, 200, 225. Ƙwaya 2 ta 225 ta riga ta wuce iyaka, yaran kuma suna kai 4 ko 5 don su wuni a kan mashin. A nan jijjiga ke zuwa, a ce farfaɗiya ce ko iska. In an ɗaure shi wata 3, jikinsa zai manta da sabon da ya yi, amma sha'awar tana nan, ga haushi ya ƙaru. Ranar da ya fito zai koma kan adadinsa na da, jikin kuma ba zai iya ɗauka ba. A kwanakin farko bayan fitowa ne ake rasa su.

Wanda yake jin maganarsa ya zauna da shi ba gaban jama'a ba, ya tambaya: mai lamba nawa kake sha, guda nawa, ƙarfe nawa kake fara na farko, me kake haɗawa da shi, ka taɓa faɗuwa, yaya kake ji ran da ba ka samu ba? Da wannan amsar za a je asibiti. In ya tsaya, cikin kwana 1 zai fara hamma, majina, gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci. Ya fi tsanani a kwana na 2 da na 3, ya lafa wajen sati 1. Tiramol kuma yana ƙara da firgici, wani har ya ruɗe, shi ya sa ragewa a hankali ƙarƙashin kulawa ta fi. A tanadi ruwan gishiri da sukari, farasitamol, da mai kwana kusa da shi. A ɓoye masa diazepam ɗin babansa, haɗa su biyun yana tsayar da numfashi. Haɗa tiramol da magungunan damuwan can ma yana jawo jijjiga.

In an same shi ba ya farkawa, numfashi sama-sama ko jefi-jefi, a kwantar da shi a gefe, kada a zuba masa komai a baki, a ruga asibiti da katin ƙwayar.

Kuma ku duba aikin. Yana sha ne don ya cika kuɗin mai mashin ya kuma kawo na cefane. In ya koma tashar da yake, wurin abokan da yake, kuɗi na shiga hannunsa kullum, kwana kaɗan zai yi. A nema masa koyon sana'a wurin mai gida mai sa ido, ɗinki ko walda ko gyaran mashin, kafin a fara ragewar. In ya zame ya sake sha, a ci gaba daga inda aka tsaya, yawancinsu sai sun zame kafin su tsaya da ƙafarsu.

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Injamena

Na yarda da duk abin da aka faɗa, sai dai ina tsoron a mai da gidan gaba ɗaya marasa lafiya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna mutum 1 cikin 5 a wuraren rikici yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, amma masu tsanani kusan 1 cikin 20 ne. Saura abin da ya fi yi musu aiki ba a kwalba yake ba. Haka yake ga 'yan gudun hijirar Baga Sola a bakin tafkin Cadi tun 2015, haka yake ga waɗanda suka tsallako daga Logon-Birni da Kusuri a 2021.

Ku dubi maigidan. Mutumin da ake zuwa zaurensa neman bashi, yau ɗansa ɗan shekara 17 ke ciyar da shi, matan unguwa na shigo masa da kwano. Kowace sadaka da aka kawo a gabansa tana tuna masa. Ku mata ku ja baya a kansa, ku sa namiji sa'ansa ɗaya, mai riƙe sirri, ya riƙa zuwa rana ɗaya tsayayya a sati. Taimakon abinci ya bi ta hannun uwargida.

Akwai tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 mai suna PM+, zama 5, sau ɗaya a sati, minti 90, kuma wanda ba likita ba yana iya koya. Ku tambayi ofishin jin daɗin jama'a ko asibitin gunduma ko akwai wanda aka horar. Kafin nan ga abin da abokin zai iya yi. Numfashi: hannu a ciki, a ja ta hanci ana ƙirga 3, a sake ana ƙirga 3, minti 2, sau 2 a rana lokacin da hankali ke kwance, don ya samu a hannu ran da gaba ta faɗi. Masu ja da ƙarfi da sauri jiri suke samu su ce ba ya aiki. Sannan su jera matsalolinsa, su raba wadda ake iya taɓawa da wadda ba a iya ba. Su ɗauki ƙarama ɗaya. Ba talauci ba, wannan ya yi faɗi. A ce kuɗin haya na watan gobe. Shi zai kawo hanyoyi, abokin ya riƙe bakinsa, ya zaɓi ɗaya, a sa rana da lokaci, sati mai zuwa a duba. Inda ake kuskure shi ne mai taimako ya warware masa da kansa. An biya haya, mutumin kuma yana nan inda yake.

Kada a jira ya ji sha'awar fita. Mai wannan ciwo sai ya motsa sha'awar ke biyo baya. A fara da magariba ɗaya a jam'i, abokin ya biyo masa. Sati na gaba a ƙara da rakiya kasuwar hatsi. Ɗan kasuwar hatsi ne, a tambaye shi ya duba dawa ya faɗi ta bana ce ko ta bara, a ba shi awo ya riƙe wa wani. Mutanen Barno sun san noman masakwa, dawar rani, a ƙasar laka da suke kira firgi, kuma ita ake dasawa a irin wannan ƙasa a kewayen Marwa bayan damina, ana neman hannu. Barci kuma: ban da shayi da goro bayan la'asar, ban da kwanciyar rana mai tsawo, tashi lokaci ɗaya kullum ko daren bai yi daɗi ba.

Ɗan da ya ɓace shi ne ƙashin bayan shirunsa. Babu gawa, babu ta'aziyya, babu ranar da zai ce ya haƙura. Kada kowa ya ce masa ya ɗauka ya mutu, kada kuma a yi masa alkawarin yana raye. Ƙungiyar Red Cross tana neman waɗanda suka ɓace kyauta. A je da cikakken suna, sunan uwa da uba, shekaru, inda aka rabu da lokacin, hoto in akwai. Ba lallai a samu amsa ba, amma uban ya san ya yi abin da ke hannunsa. Masu cewa baƙin cikinsa rashin tawakkali ne su tuna Annabi Yaƙubu ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari. Addu'a da ruƙiyya su ci gaba tare da asibiti. Abin da za a ƙi shi ne duka, hayaƙin barkono, ɗauri, da mai cewa a ajiye maganin likita.

Ku kuma Malama, kada ku rubuta sunaye da sirrin gidan a littafin kwamiti da ke yawo hannu-hannu, ko a zauren WhatsApp. Wasunsu takardunsu ba su cika ba, da sun ji maganarsu a waje za su rufe muku ƙofa. Kowace mace ta riƙe gida 2 ko 3, ba fiye ba.

Nas ɗin lafiyar ƙwaƙwalwa, Garwa

Ƙari kan tafiyar gobe. Tsohuwar, ko da nata ya daɗe, a duba ta duk da haka, don mai gigin tsufa in ya kamu da maleriya ko ciwon fitsari rikicewarsa ninkuwa take. A duba ji da ganinta ma. Ku tafi da wanda ke kwana ɗaki ɗaya da ita, shi ya san abin da take yi da dare.

Mai jego kuwa, in an rubuta mata magani, a faɗa wa likita a fili cewa tana shayarwa. Akwai waɗanda ake sha ana shayarwa, fluoxetine dai ana kauce masa in da hali don yana daɗewa a jiki. Kada tsofaffin gida su ce nononta ya ɓaci a yaye jaririn ko a fara ba shi ruwa da madarar gwangwani. Ku nemi a rubuta muku ranar dawowa a katin, kuma wadda ta raka ta gobe ita za ta sake raka ta ranar.